Kwandon da ya hana ni ɓoye jemage

A zango na biyu na ajin SS2, malaminmu na Bayoloji ya raba mu rukuni-rukuni, ya ba kowane rukuni aikin da zai tsaya a madadin gwajin tsakiyar zango. Mu huɗu aka ba mu dabbobi masu ƙashin baya. Sharaɗin shi ne mu zana jadawalin rabe-rabensu a kwamfuta, mu buga shi a babbar takarda, a liƙa a bangon ɗakin gwaje-gwaje don 'yan JS su riƙa karantawa. Maki 20 ne cif. Malam ya kuma ce sunayen dabbobin su zama na Hausa, waɗanda yaro zai gane ba sai ya nemi ƙamus ba. Ni aka ɗora wa zanen, ba don komai ba sai don an san yayana yana karatun kwamfuta a kwalejin kimiyya da fasaha, sai ka ce ilimi gado ne da ake raba wa 'yan gida.

Yaya ya sa mini wata manhaja a filas mai suna draw.io. Kyauta ce, ba ta neman a buɗe asusu, kuma wadda ake ɗorawa a kan kwamfuta tana aiki ko babu intanet. Ya ce wadda ake buɗewa ta intanet ta koma adireshin diagrams.net tun 2020, amma abu ɗaya ne. Rashin buƙatar intanet ɗin nan shi ya cece mu, domin ɗakin kwamfutarmu ranar Laraba kawai ake tayar masa da janareta, na tsawon darasi biyu, kuma babu maganar data.

Larabar farko na shiga da ƙarfin gwiwa. A gefen hagu akwai siffofi birjik, a tsakiya kuma farar takarda mai layi-layi kamar littafin lissafi. Na ɗauko akwati mai kusurwa huɗu, na rubuta "tarwaɗa". Na ɗauko wani, na rubuta "karfasa". Haka na yi ta yi har na tara akwatuna kusan arba'in, na jera su da linzami ɗaya bayan ɗaya, ina lumshe ido ɗaya kamar mai duba ko gini ya miƙe. Kifaye a hagu, sai kwaɗi, sai masu jan ciki, sai tsuntsaye, masu shayarwa a can dama. Na zana manyan akwatuna biyar a bayansu don su zama kamar gidaje. Da aka kalla daga nesa, abin gwanin sha'awa.

Sai ɗaya daga cikin 'yan rukuninmu ta ce wurin masu jan ciki ya yi kaɗan, tunda mun manta da kada da hawainiya. Na ja babban akwatin tsuntsaye zuwa dama don in buɗe wuri. Akwatin ya tafi, tsuntsayen suka tsaya inda suke. Shaho da balbela da zabuwa suka koma suna reto a fili, ungulu kuwa ta faɗa gidan ƙadangaru. Na koma ina kwashe su ɗaya-ɗaya, ina gama na tsuntsaye sai na ga ashe sai na matsar da masu shayarwa su ma. Ina tsakiyar wannan jigila janareta ya yi tari sau biyu ya mutu. Ban adana komai ba tun bayan akwati na goma sha wani abu.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba a ranar, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Da na zo kan jemage, ban san inda zan sa shi ba. Na san an taɓa faɗa mana a aji, amma ranar hankalina yana wani wuri. Don haka sai na yi dabara: na ajiye akwatinsa daidai kan iyakar tsuntsaye da masu shayarwa, rabi nan, rabi can. Na ce a raina, duk inda Malam ya ce yake, sai in ce ai nan nake nufi. Gaiwa ma haka na yi mata, na ɗan turo ta bakin layin da ya raba kifaye da kwaɗi. Takardar ba ta yi mini gardama ba. Akwatunan da ba su da mahaɗi suna ba mutum damar ɓoye rashin saninsa a tsakanin layuka.

Da daddare na kai wa Yaya ƙara. Ya saurare ni yana cin tuwo, sannan ya ce, "Ke, in Inna ta aike ki kasuwa, tumatir da albasa a hannu kike rungumo su?"

Na ce, "A'a Yaya, a kwando."

"To me ya sa kika rungumo dabbobi arba'in a hannu?"

Ya buɗe tasa kwamfutar ya nuna mini abu biyu da suke nan a gefen hagu tun farko, ina wuce su. Na farko manhajar tana kiransa kwantena, sunan nan dai na manyan akwatunan ƙarfe da ake sauke kaya da su a tashar jiragen ruwa, waɗanda 'yan kasuwa ke mayarwa shaguna. Mu a gida muka ci gaba da ce masa kwando. A ido, kwando akwati ne kawai mai ɗan fili a sama inda ake rubuta suna. Bambancinsa da akwatunan da na zana shi ne ya san abin da ke cikinsa. In ka jawo wata siffa kansa, gefensa zai canza launi, alamar yana shirye ya karɓa. Kana sakin linzami, siffar ta zama tasa. Ka ja kwandon, su tafi tare. Ka kwafe shi, a kwafe har da kayan ciki. Ka jawo siffar waje, ta fita daga hannunsa. Manyan akwatunan da na yi a makaranta kuwa hoton gida ne kawai, dabbobin suna kwance a kansu, ba a cikinsu ba.

Na biyu shi ne lis. Shi ma mun san sunansa, daga lis ɗin cefane zuwa na kayan lefe. A manhajar, lis wani kwando ne mai tsari: yana zuwa da kai a sama da layuka uku a ƙasa, kuma duk abin da aka sa masa sai ya jera shi, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, da faɗi iri guda. In kana son ƙarin layi, ka zaɓi ɗaya ka danna Ctrl da D, sai a haifa maka irinsa a ƙasansa, lis ɗin ya ƙara tsawo da kansa. In ka ja layi na biyar zuwa sama, sauran su matsa su ba shi wuri. In ka cire ɗaya, ramin ya rufe. Duk lumshe idon da na yi ina daidaita akwatuna, ashe aikin da na'ura ke yi ne cikin ƙiftawar ido. Na ji haushi, na kuma ji daɗi, ban san wanne ya fi ba.

Na tambaye shi bambancin wannan da haɗe siffofi wuri guda da ake yi da Ctrl da G, wanda aka koya mana a JS3. Ya ce haɗewa kamar ɗaure itace ne da igiya, ka ɗauki damin gaba ɗaya, amma ba don a riƙa zuba sabo ana cire tsoho aka yi shi ba. Kwando kuwa bakinsa a buɗe yake. Ya ƙara nuna mini 'yar alamar ragewa da ke kusurwar sama ta hagu: in ka danna ta, kwandon ya naɗe ya koma ɗan ƙaramin akwati mai suna kawai, ka sake dannawa ya buɗe da kayansa yadda ka bar su. Sannan ana iya sa kwando a cikin kwando. Wannan na ƙarshen ne ya sa na zauna sosai, don na ga ai shi ne ainihin darasin da ake koya mana: babban rukuni, a cikinsa ƙananan rukunai, a cikinsu waɗanda suka fi su ƙanƙanta.

Laraba ta biyu na fara da adanawa kafin in zana ko layi ɗaya, kuma duk bayan 'yan mintoci sai na danna Ctrl da S. Na yi babban kwando na rubuta masa "Masu ƙashin baya". A cikinsa na sa lis biyar. Cikin minti ashirin na gama abin da ya cinye mini darasi biyu a makon da ya wuce. Tarwaɗa, karfasa, giwan ruwa. Kada, damo, guza, kunkuru, kasa, hawainiya. Jimina, shaho, hankaka, kurciya. Akuya, raƙumi, zomo, bushiya, dorina.

Sai jemage.

Na riƙe shi da linzami ina yawo da shi. In na kai shi kan tsuntsaye, gefen lis ɗinsu ya haska. In na kai shi kan masu shayarwa, nasu ya haska. Tsakiya kuwa, in na sake shi a nan, sai ya zauna shi kaɗai a filin babban kwando, tsirara, kowa na ganin ba shi da gida. A makon jiya, zamansa kan layi yana kama da kuskuren hannu. Yanzu da komai ya jeru tsaf, zamansa a waje tamkar na ɗaga hannu ne a aji na ce ban sani ba. A wannan manhaja siffa ba ta zama a kwando biyu lokaci guda. Uwa ɗaya take da ita.

Na juya na tambayi 'yan rukuni, sai ga shi ashe ba ni kaɗai ba ce. Ɗaya ta ce tsuntsu ne mana, ba ga shi yana tashi ba? Ta biyu ta ce kakarta ta ce ɓera ne da ya tsufa ya yi fiffike. Ta uku ta ce ita dai ta san a tatsuniya ma tsuntsaye sun ƙi shi, dabbobi sun ƙi shi, don haka mu cire shi daga jadawalin mu huta. Na kusa yarda da wannan shawara, Allah ya sani. Abin da ya hana ni shi ne bishiyar da ke bayan ɗakin kwananmu, wadda jemagu ke cika ta kowace magariba. Yaron JS1 da zai tsaya gaban takardarmu, dabbar da zai fara nema ke nan. A ƙarshe muka kaɗa ƙuri'a, biyu da ɗaya, ni na ƙi jefawa, jemage ya shiga tsakanin hankaka da kurciya. Lis ɗin ya matsa ya ba shi wuri cikin ladabi. Ya kamata a lura da wannan: manhajar ta tilasta mini in zaɓa, amma ba ta damu da ko zaɓin daidai ne ba. Da na sa raƙumi a cikin kifaye ma haka za ta jera shi.

Malam yana zagayawa ya iso kanmu. Ya daɗe yana kallon allon, bai ce mun yi kuskure ba. Ya ce, "Wannan kwandon na tsuntsaye, mene ne sharaɗin shigarsa?"

Muka ce, "Tashi sama, Malam."

Ya sa yatsa a kan jimina. Muka yi tsit. Jimina ita ce mafi girma a tsuntsayen duniya, kuma ba ta tashi ko kamu ɗaya, gudu take yi.

"Na masu shayarwa fa?"

Na yi karambani na ce, "Su haihuwa suke yi, Malam, ba sa yin ƙwai."

Ya sa yatsa a kan kasa. Ya ce kasa 'ya'ya take haifa da ransu, amma maciji ce, ba ta da nono. Ya ce kuma a Ostareliya akwai wata dabba mai baki irin na agwagwa da ake kira filatifus, ƙwai take sakawa, amma in 'ya'yan sun ƙyanƙyashe madara suke sha daga jikinta, don haka mai shayarwa ce. Sannan ya ce, "Kun yi kwanduna masu kyau, 'ya'yana, amma ba ku rubuta komai a ƙofarsu ba. Ku sa sharaɗi a layin farko na kowane lis. Duk dabbar da ta zo, ku tambaye ta wannan sharaɗin, kada ku tambayi sunanta ko kamanninta."

Nan muka sake cin karo da wani abu, wannan karon daga harshenmu. Mun so mu rubuta cewa tsuntsaye suna da gashi, masu shayarwa ma suna da gashi, sai muka ga kalma ɗaya ce Hausa ta ba mu ga abu biyu mabambanta. Na kaza gashi, na akuya gashi. Muka yi ta juyawa har muka tsaya a kan "gashi mai ƙara a tsakiya, irin na kaza" ga tsuntsaye, da "shayar da 'ya'ya nono, da gashi irin na akuya" ga ɗaya rukunin. Da muka tambayi jemage waɗannan, amsar ba ta ɗauki lokaci ba. Jikinsa gashi ne irin na ɓera, fiffikensa fata ce da aka shimfiɗa a kan dogayen yatsun hannunsa, uwar tana haihuwa tana shayarwa. Na kama shi da linzami na ja shi dama. Ramin da ya bari tsakanin hankaka da kurciya ya rufe kamar ba a taɓa zama a wurin ba, zomo da bushiya suka matsa masa. Daƙiƙa biyu. Malam ya ce jemagu sun haura nau'i 1,400, kusan kashi ɗaya cikin biyar na dukkan nau'o'in masu shayarwa, kuma su kaɗai ne a rukunin ke tashi da ƙarfin fiffikensu. Wato wanda muka so mu kora daga jadawali yana cikin manyan masu gidan.

Gaiwa ta fi ba mu wuya, domin tana da huhu, tana shaƙar iska, kuma da rani tana binne kanta a cikin laka ta jira damina. Amma tana da ɓawo a jiki da ƙegen iyo irin na kifi, ta zauna a cikin kifaye. Giwan ruwa, duk da sunansa, kifi ne, irin manyan da masunta ke alfahari da kamawa. Ayu kuwa, da ake samu a kogunan Neja da Binuwai, wanda muka ƙara daga baya muna shirin jefa shi wurin tarwaɗa, ashe shayarwa yake yi.

Abin da ya sanyaya mini rai shi ne labarin da Malam ya ba mu muna tattara littattafai. Carl Linnaeus, masanin ƙasar Suwidin da ya kafa tsarin rabe-raben halittu da muke haddacewa, ya fitar da littafinsa Systema Naturae a 1735, kuma a ciki ya sa manyan dabbobin tekun nan da ake kira wel a rukunin kifaye. Sai a bugu na goma, a 1758, ya ɗauke su ya mayar cikin masu shayarwa. Shekara 23 ke nan kafin ya ja layi ɗaya daga wani lis zuwa wani. Na ce a raina, mako guda da na yi ina ɓoye jemage ba wani abin kunya ba ne sosai.

Kada a ce na yabi kwando ban faɗi aibinsa ba. A Laraba ta uku, ina son goge wata kibiya sai na zaɓi babban kwandon ban lura ba, na danna maɓallin gogewa. Allon ya koma fari fat. Kwando in ya tafi, da kayansa yake tafiya. Ƙawata ta dafe ƙirji tana salati, ni kuwa hannuna na rawa na danna Ctrl da Z, komai ya dawo. Wata matsalar ita ce kwaɗayinsa: na so in ɗora ɗan bayani a kan lis ɗin kifaye game da huhun gaiwa, ina sakinsa sai lis ɗin ya haɗiye shi ya mayar da shi layi, kamar shi ma wani kifi ne. Maganin shi ne ka riƙe maɓallin Alt lokacin da kake sakin siffar, sai ta zauna a sama ba tare da ta shiga ciki ba. Kuma in kana shakkar ko wani abu ya shiga kwando da gaske, ka ɗan ja kwandon gefe. Duk abin da ya tsaya a baya, dama can ba ya ciki.

Akwai kuma abin da kwando ba zai iya faɗa ba sam. Jemage da shaho duk suna tashi, wannan gaskiya ce, amma tana ratsa kwanduna biyu, kuma ba a raba siffa gida biyu. Mu sai muka shafa wa duk mai tashi launin shuɗi, duk mai zaman ruwa kore, muka rubuta ma'anar launukan a ƙasa. Da haka mai kallo zai ga shuɗi ɗaya tilo a cikin masu shayarwa, ya ga jimina fara a cikin tsuntsaye, ya tsaya ya tambayi dalili. Rukunin da aka ba su aikin wa ke cin wa a cikin daji sun ga namu sun yi sha'awa, suka ce su ma kwanduna za su yi. Abin bai yi musu ba, domin shaho yana cin ɓera yana cin ƙadangare, maciji ma yana cin ɓera, shaho kuma yana iya ɗauke macijin. Wannan aikin kibiyoyi ne. A ganina kwando yana amfani ne inda tambayar ita ce "na wane gida ne?" In tambayar ta zama "wa ya taɓa wa?", to a bar shi a gefe.

Mun fitar da aikin a matsayin PDF don kada tsarin ya wargaje a kwamfutar mai shagon buga takardu, muka yi karo-karo muka buga. Maki 17 muka samu. Malam ya cire uku saboda a kwandon kwaɗi suna biyu kacal muka iya kawowa, ya ce wurin ya yi kama da shagon da aka yi wa gwanjo.

Takardar tana nan a bango. Kwanaki na wuce na ga wani ya zana 'yar kibiya da fensir daga jemage zuwa tsuntsaye, ya sa alamar tambaya. Ban goge ba. Da na je hutu na faɗa wa Inna cewa jemage ɗan'uwan akuya ne, ta dube ni ta ce kuɗin makarantar da ake biya ke nan?

Wannan zangon an ba mu marasa ƙashin baya. Na buɗe tsohon fayil ɗin, na danna 'yar alamar ragewa, masu ƙashin baya gaba ɗayansu suka naɗe suka koma ɗan akwati guda a kusurwa. Na buɗe sabon kwando kusa da shi, na sa lis na ƙwari, na rubuta a layinsa na farko: ƙafa shida. Fara ta shiga, sauro ya shiga, kyankyaso da tururuwa suka shiga. Gizo-gizo da kunama suna nan a waje tun ranar Laraba, kowannensu da ƙafa takwas, kuma har yanzu muna gardamar sunan Hausa da za mu rubuta a kan nasu kwandon.